Fararen Takardu Takwas

Litinin, 3 ga Maris

Sabon Manaja ya dawo daga bitar kwana uku, ya dawo mana da akwati. Na katako, an shafa masa koren fenti, an tsaga masa baki a sama kamar asusu. Ya tara mu a ɗakin taro, mu ashirin da shida har da masu shara da Maigadi, ya ce sunansa akwatin godiya. Duk Alhamis kowa zai ɗauki 'yar takarda ɗaya, ya rubuta wanda yake gode wa a kamfanin nan da dalili, ba sa hannu, ya jefa. Ni kuma da yake ni ce sakatariya, ni zan buɗe, in buga su a kwamfuta, in manna a allon sanarwa.

Wato an ƙara mini aiki, kuma ko sannu ba wanda ya ce. A taron godiya fa.

Mataimakinsa, wanda muke ce wa Ranka-ya-daɗe saboda ba ya iya haɗa magana biyu bai saka ta ba, har da tafi. Shi kaɗai ya yi ta tafawa, sai da ya ga ba mai taya shi sannan ya wayance da gyara agogo.

Talata, 4 ga Maris

Yau na buga wata wasiƙa da ba ta yi mini daɗi ba. Masu shara biyu gare mu, kwantiraginsu zai ƙare ranar 30 ga Afrilu, kuma ɗaya kaɗai za a sabunta wa.

Akwai Iya, shekararta sha huɗu a nan, ta girme ni a aikin ma. Ƙarfe biyar da rabi take zuwa, kafin bakwai ta gama banɗakuna shida da duk ofisoshin sama, ta wanke tsummanta ta shanya a bayan janareta ta tafi. Ban da ni da Maigadi ba na jin akwai mai ganinta. Ni ma don mijina, Malam, yana sauke ni shida da kwata ne, saboda ba na son cunkoson hanya da hayaƙi, asma ba ta bari.

Sai ɗayar, Mai Bokiti. Tara take zuwa, daidai lokacin da kowa ya zauna. Ta buga bokiti a bakin ƙofa, ta ja kujera ƙiii, ta fesa turaren nan mai shaƙe mutum, duk wanda ya wuce ta ce masa “a yi hankali da santsi”. Wurin da Iya ta riga ta goge take sake jiƙawa.

Ko makaho ya san wadda za a bari. Ban damu ba.

Alhamis, 6 ga Maris

An buɗe. Ranka-ya-daɗe ya tsaya a kaina yana ƙirgawa kamar kuri'a.

Ashirin da shida. Sha huɗu duk na Manaja ne. “Godiya ga shugaba mai hangen nesa.” “Godiya ga wanda ya kawo mana haske.” Haske! Ƙwan fitilar matakala wata biyu ke nan da mutuwa. Sun manta shekara tara ina buga rubutunsu, na san hannun kowa kamar yadda na san tarinsa. Akanta kuwa kansa ya gode wa, “saboda gaskiya da riƙon amana”, da wannan ƙaramin rubutun nasa mai kama da ƙafar tururuwa. Ina bugawa ina jin kamar in wanke hannu.

Ɗaya fara fat, ba rubutu. Tawa ce. Tun da safe na ninke ta gida huɗu na jefa, Iya na goge matakala. Ranka-ya-daɗe ya ɗaga ta sama ya ce, “Wani bai fahimci tsarin ba.” Na ce, “Ko kuma ya fahimta.”

Akwai ɗaya da aka rubuta mini. Da fensir, manyan baƙaƙe a karkace: “Godiya ga sakatariya saboda gaisuwar safe.” Wannan hannun kam ban san shi ba. Da na ɗago sai na ga Ranka-ya-daɗe yana mini wani murmushi. Idan shi ne ya rubuta da hagu, Allah ya isa.

Asabar, 8 ga Maris

Na ba Malam labari ina wanke-wanke. Maimakon ya taya ni tsaki sai ya ce, “To ke ba ki da wanda za ki gode wa a duk ginin?” Na ce wanda ya yi aikinsa ai aikinsa ya yi, albashi ake ba shi, ba sai an bi shi da kirari ba. Ya ce “haka ne”, ya ci gaba da duba littattafan 'yan ajinsa. Wannan “haka ne” tasa ta fi gardama ban haushi.

Alhamis, 13 ga Maris

Sha shida na Manaja. Mai Bokiti ta samu ɗaya, “saboda ƙamshin ofis”. Ƙamshin da ya sa na shaƙi magani sau biyu jiya.

Alhamis, 20 ga Maris

Abin ya zama kasuwa. Na ji da kunnena a bakin famfo, direba na ce wa mai sito, “Ka rubuta ni wannan makon, in rubuta ka na gaba.” Mutumin da ya yi wata uku ba ya amsa sallamar ɗan'uwansa yanzu ya rubuta masa “ɗan'uwa na gari”. Ana gama mannawa sai su taru a gaban allo suna neman sunayensu kamar ɗalibai ranar sakamako, manya da su, wasu da furfura.

Fara ta uku na jefa. Fensir ɗin nan ma ya sake zuwa, magana ɗaya ba canji: gaisuwar safe. Wace gaisuwa? Ni da kowa ya san ba ni da fara'a. Ba'a ce ake mini, na sani.

Talata, 25 ga Maris

Bututun banɗakin maza na sama ya toshe tun jiya da yamma. Maza goma sha suka yi ta shiga a haka, kowa ya ƙara nasa a kan na wani, ya fito ya ja ƙofa, ya gyara wuyan riga. Ba wanda ya faɗa wa kowa. Da na iso da safe wari ya tare ni tun daga matakala, ruwan ya malalo har bakin ofishina. Na tarar da Iya a durƙushe, ta ɗaure hanci da gefen ɗankwali, hannunta cikin leda har gwiwa, tana zaƙulo abin da ba zan iya rubutawa a nan ba.

Na ce, “Ina kwana, Iya.” Ta ce, “Lafiya lau, 'yata. Kar ki shigo tukuna, ƙirjinki.” Sannan ta ce fayilolin da na bari a ƙasa ta ɗora mini su kan kabad kafin ruwa ya kai.

Na tsaya a waje har ta gama. Ƙarfe tara Mai Bokiti ta zo ta fesa turare a wurin, Ranka-ya-daɗe ya leƙa ya ce mata, “Kai, sannu da ƙoƙari!” Ta ce, “Yauwa, ranka ya daɗe.” Ko kunya. Na so in yi magana, sai na ga me ya kai ni. Da wa zan tsaya musu, da waɗannan?

Alhamis, 27 ga Maris

Mai Bokiti biyu, duka “saboda gyaran banɗaki”. Na buga da hannuna. Tir.

Na tarar da sabon biro shuɗi a kan teburina, da murfinsa, an ajiye shi daidai tsakiya. Wato bayan takarda yanzu har da kyauta. Na kama shi da bakin tishu na jefa cikin aljihun tebur. In ya kuskura ya yi mini zancensa, Manaja zai ji.

Laraba, 2 ga Afrilu

Manaja yana mini shiftar wasiƙa sai ya ce, game da masu shara, za a yi la'akari da ra'ayin ma'aikata. Na ce wane ra'ayi? Ya nuna akwatin da baki. Na ce, “Yallaɓai, ai ba wanda ke ganin Iya, kafin su zo ta tafi.” Ya yi dariya ya ce aiki mai kyau ba ya ɓuya, a bita ma an gaya musu haka.

Ban yarda da gaske yake ba. Ba mai hankalin da zai kori shekara sha huɗu saboda 'yan takardun da ake musaya a bakin famfo. Barazana ce don a ƙara cika masa akwati. Ba zan shiga wasan yaran nan ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Fara.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Fara. Mai Bokiti ta kai huɗu. Iya babu ko ɗaya. Ban san me ya sa na fara ƙirgawa ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Mun ɗan yi cacar baki da Malam. Motarsa ta ƙi tashi ranar Juma'a na makara, na yi ta mita har yau. Ya ce, “Shekara tara ina kai ki shida da kwata. Kin san ƙarfe nawa ake buɗe ƙofar makarantarmu?” Na ce ina ruwana. Ya ce bakwai da rabi. Ya ce a mota yake zama yana jira.

Na ce to wa ya sa shi. Abin da ya zo bakina ke nan. Ya tashi ya je yana wanke motar da ba ta yi datti ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Mai Bokiti biyar, Iya har yanzu babu. Iya ta ce mini jikarta ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, ita ke riƙe da ita tun rasuwar uwar. Tana faɗa tana matse tsumma, fuskarta kamar an kunna fitila. Ta san zancen kwantiragin kuwa? Ta sani mana, ni na ba Maigadi wasiƙar ya karanta mata. Amma ko sau ɗaya ba ta ce mini “ki rubuta ni” ba.

Na ce Allah ya sa albarka. Na ninke fara na jefa a gabanta.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Yau na zauna zan rubuta. Da gaske. Tun shida da minti ashirin na ɗauko takarda, Iya na goge ƙarƙashin teburina da jiƙaƙƙen tsumma kamar kullum. Ofishina kaɗai ba ta sa wa tsintsiya, saboda ƙura. Ban taɓa roƙonta ba, tun ranar da ta gan ni ina shaƙar magani ta daina.

Na rubuta, “Godiya ga Iya saboda jajircewa.” Na karanta sai na ji muryar Ranka-ya-daɗe. Na yaga. Na rubuta, “saboda sadaukarwa.” Wannan kuma Akanta ne sak. Na yaga. Duk kalmar da na ɗauko sai in tarar sun riga sun tauna ta sun tofar, ba zan iya sa ta a bakina ba. Kuma a manna sunanta a allo ɗaya da “shugaba mai hangen nesa”? Na ga kamar cin mutuncinta ne.

Na ji motar Akanta ta shigo. Na ninke fara na jefa. Ta takwas. Na ce mako mai zuwa zan samo kalmar da ta dace.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Babu mako mai zuwa. An ba ni wasiƙar in buga. Mai Bokiti biyar, Iya babu. “Kamfani na godiya bisa hidimarki ta tsawon shekaru.” Ni na buga wannan layin. Na je banɗaki na yi amai, banɗakin da ta wanke.

Takwas ya fi biyar. Tun rana nake maimaita wannan lissafin kamar 'yar aji ɗaya.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na shiga wurin Manaja ba tare da ya kira ni ba. Na ce fararen takardun nan takwas nawa ne, kuma duka na Iya ne, a ƙirga mata. Na faɗi zancen banɗaki, na faɗi wanda ya zura hannu da wanda ya fesa turare.

Ya saurare ni da wannan fuskar da aka koya musu a bita, kai a karkace. Ya ce farar takarda ba ta da suna, kuma an riga an aika wa hedikwata. Ya ce, “Me ya hana ki rubutawa, Hajiya? Mako takwas fa.” Sannan ya ce, “Amma na gode ƙwarai da kika zo kika faɗa.”

Ya gode. Na so in ɗauki akwatin in rotsa a ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai, a duk shirmen da mutumin nan ya yi tun zuwansa, wannan tambayar ɗaya ba shirme ba ce.

Talata, 29 ga Afrilu

Ina shigowa Maigadi ya tsayar da ni a bakin ƙofa, yana ta juya hularsa a hannu. Ya ce, “Hajiya, wannan Alhamis ɗin ba za ki ga takardarki ba, kar ki ce an yi fushi da ke.” Na ce wace takarda? Ya zaro guntun fensir daga bayan kunne. Ya ce shi yake rubuta wa Iya, ita ba ta yi boko ba. Duk Alhamis sai ta zo ta ce ya sa mata magana ɗaya. Ya ce har ya gaji ya ce mata ta canza mana, ko ta sa Manaja kamar kowa, ko a tuna da ita. Ta ce a'a, shekara tara mutum ɗaya ne ke gaishe ta kafin ta gaishe shi.

Gaisuwar da nake yi ina tafiya, ko tsayawa ba na yi.

Mako takwas ina buga godiyar tsohuwar nan da hannuna ina tsaki, ina zargin wani banza da ita. Duk ƙyamar da na yi wa mutanen ginin nan, yau ban ga wanda ya kai ni ba. Su ko ba komai ƙaryarsu ba ta kori kowa ba sai da shiruna ya taya ta.

Laraba, 30 ga Afrilu

Ranarta ta ƙarshe, kuma sai da ta wanke banɗakuna shida tsaf. Na same ta a bayan janareta tana shanya tsumma, wanda ba ita za ta sake ɗauka ba.

Na shirya magana tun a mota. Da na tsaya a gabanta duk ta gudu. Na ce, “Iya, na gode.” Na ce tsintsiya, na ce fayiloli, na ce ranar bututu. A hargitse dai, ba kai ba gindi, ina kuka kamar wata yarinya. Na ce mata fararen takardun nan nawa ne, da na rubuta sunanta da ba ta tafi ba.

Ta ce, “Ai na sani, 'yata. Ina kallonki kina ninkewa ba ki sa komai ba.” Ta goge hannunta a zani. “Na ce ko abin rubutu ne ya ƙare miki, shi ya sa na sayo miki biro. Bai yi ba ne?”

Ban san ko da gaske take ba, ko ta san komai ne ta rufa mini asiri. Na duba fuskarta ban gane ba. Na ce ya yi, Iya. Ta ce to madalla. Ta ce in riƙa buɗe taga kafin waccan ta fesa abin nan, in kuma daina barin fayil a ƙasa. Na tambaye ta jikarta fa, makarantar? Ta ce Allah na nan. Ta ɗauki ledarta ta fita ta ƙaramar ƙofa, bakwai saura minti biyar, kafin kowa ya zo.

Talata, 6 ga Mayu

Banɗakin sama ya fara wari. Ranka-ya-daɗe yana tambaya wai me ya faru, da ba haka yake ba. Na shaƙi magani sau uku.

Na karɓi kwatancen gidan Iya wurin Maigadi. Ƙanwar Malam ta ce ana neman mai shara a asibitin da take aiki, ba tabbas. Na buga takardar neman aikin, na sa shekara sha huɗu, na sa ranar bututu ma, ko za su yi dariya su yi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Akwatin nan har yanzu shirme ne, ban canza ra'ayi ba. Sha biyar na Manaja.

Akwai ɗaya da shuɗin biro: “Godiya ga Iya. Ba ta sa wa ofishina tsintsiya ba.” Na buga, na manna a sama. Ranka-ya-daɗe ya ce ai wannan ba ma'aikaciyarmu ba ce yanzu. Na ce na sani.

Da safe da Malam ya sauke ni, na riga na rufe ƙofar motar, sai na sake buɗewa na ce masa na gode. Ya kalle ni ya ce, “Lafiya dai?” Na ce ya tafi kar ya makara. Saura fiye da awa guda a buɗe makarantar, ni da shi duk mun sani. Bai ja motar ba sai da na shige.

Biron yana rubutu da kyau. Ba ya tsallake.